Shekarar da Na Daka Irin Gero

Bana ruwa ya yi nawa. Ga shi mun shiga watan da ya kamata a ce gero ya kai gwiwa, amma sama fayau take kamar an share ta. Da la'asar hadari yakan taso daga wajen Hotoro, ya yi baƙi, ya yi gurnani, mata su fito da gudu su kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi, a mayar da kaya kan igiya. Kwanon ɗakina yana ƙara da tsakar rana kamar ana tafiya a kansa. Matan zumunta na cocinmu sun sa azumin kwana uku saboda ruwa. Ni likita ya hana ni wuce azahar saboda maganin hawan jini, sai in kai rabin rana in sha ruwa ina jin kunya. Wannan zafi da wannan azumi su suka tuno mini da wata shekara. Ku gyara zama ku ji ta. Bakina na mai tatsuniya ne, amma wannan da idona na gan ta, da hannuna na aikata ta.

Sunana Saratu. Ban taɓa zama a aji ba, abin da na sani na maganar Allah da kunne na ɗauke shi. Iyayenmu Maguzawa ne, a wani ƙauye kudu da Kano. Ni da maigidana muka karɓi Yesu Almasihu a shekara ta biyu da aurenmu, aka yi mana baftisma a rafi. Shi da ana kiransa Nomau, aka sa masa Iliya. Ba a kore mu daga gida ba. Amma zama ya yi nauyi, don kullum akwai abin gargajiya da za a ce ka yi, kai kuma ka ce ba za ka yi ba, tsofaffi su yi shiru suna kallonka. Sai muka ɗaure kayanmu muka taho birni.

Ɗaki ɗaya muka kama a Gyaɗi-Gyaɗi, a gidan Hajiya Yalwa. Mijinta ya rasu, tana suyar ƙosai a bakin zaure. Musulma ce mai riƙon salla, mai kaifin baki, mai farin ciki. Ba ta taɓa kirana Saratu ba sai in magana ta yi tsanani. Kullum Bamagujiya take ce mini, in ce mata ai na bar wannan, ta ce sunan dai ya bi ni.

A lokacin in ka wuce Tarauni ka nufi Darmanawa, gonaki ne da kuka da ɗorawa. Wani ma'aikaci da ya sayi fili bai tashi gini ba ya ba maigidana aron wurin. Da rani maigida leburan gini ne, da damina manomi. Kwanakin baya jikata ta kai ni wajen a adaidaita sahu, na tarar da gidan bene mai baƙin ƙyaure, na duba gabas na duba yamma, ban gane ko kusurwa ɗaya ba. Ni kuma sana'ata dakau. Injin niƙa akwai, amma surfe da hannu ake yi, matan gidajen ma'aikata su aiko a kira ni, in surfa musu gero da dawa, in bakace, a sallame ni da dusa da ɗan tsaki. Hannuwana sun san taɓarya fiye da yadda suka san komai.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwan fari ya zo da wuri, ya yaudare mu. Muka shuka rabin irinmu. Ya tsiro, kore shar, kamar allurai a kan kunya. Sai sama ta rufe bakinta mako uku. Muna kallo tsiron ya naɗe, ya yi fari, ya zama ƙaiƙayi. Aka sake yin wani ruwa, ba mai yawa ba, maigida ya ce in muka jira za mu makara, muka zuba sauran irin duka a ƙasa. Shi ma rana ta cinye shi. Daga nan ruwa ya shiga yi mana wani abu mai ɗaga hankali. Sai ka ga an yi shi a Hotoro, ka ji ƙamshinsa a iska, mutane su zo da laka a ƙafa, amma gonarmu ko ɗigo. Iri ya ƙare. Na kasuwa ya yi tsadar da ba ma ko tambaya. 'Yan cocinmu kuwa masu gadi ne da masu wanki da guga, ba manoma ba, kowa da tasa yunwar.

Ga yadda yini yake tafiya. Da asuba in je rijiyar gida, guga ya daɗe yana sauka, ya dawo da rabin ruwa rabin laka, in zuba a randa ya kwanta. In goya Ladi, wadda take shan nono a lokacin, in kama hannun ɗan farina, mu fita bayan gari neman yaɗiya da ganyen zogale kafin awaki da sauran mata su riga mu. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa tun hantsi. In dawo in tafi dakau in an kira ni, kiran ma ya ragu, don masu hatsi sun fara auna shi da ludayi. Da yamma in dafa dusa da kanwa, in yanka ganye a ciki. Sau ɗaya muke ci. Yaron nan yakan lashe ƙwarya har ta yi sheƙi, sannan ya ɗago ya dube ni. Nono ya ja baya, Ladi ta tsotsa ta saki ta yi kuka, kukan ma ba ƙarfi. Aikin gini ya tsaya saboda ba ruwan kwaɓa ƙasa. Maigida ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ana cikin haka sai ga Baffa Tanko, ƙanen mahaifin maigidana, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Tsoho ne dogo, ya yi rabin hanya a ƙafa, rabi a bayan motar itace. Ya shigo da wani abu a rataye a kafaɗa, naɗe cikin tsumma. Na durƙusa na gaishe shi kaina a ƙasa, yadda suruka take yi. Na kawo masa ruwan da ya kwanta. Da ya sha, sai ya kwance tsumman.

Gora ce ta iri. Cike take da gero, kwano biyu ko fiye, an gauraya da toka saboda ƙwari. A wuyanta akwai gashin baƙar kaza manne da busasshen jini.

Dole in tsaya in gaya muku abin da wannan yake nufi, don 'yan yanzu ba su sani ba. A gidajenmu na da, akwai iskar da ake bauta wa, ana ce mata Doguwa. Kafin shuka, babban gida yakan yanka mata baƙar kaza a kan gorar iri. Daga ranar irin ya zama nata. Wanda ya shuka shi ya ɗauki alkawari, damin farko na kaka nata ne, gidansa kuma yana ƙarƙashinta. Mace ba ta taɓa gorar nan sai maigida ya buɗe ta a gona. Wadda ta taɓa, an ce Doguwa za ta shanye mata hannu. Ni kuwa ba ji na yi ba. Yayata Kande tana ƙarama ta ɗauki gorar babanmu tana wasa, a daminar nan zazzaɓi ya kama ta, ta tashi hannunta na dama ya lanƙwashe, haka ta rayu har ta mutu. Da wannan hannun a idona na girma.

Baffa ya ce labari ya kai masa cewa shukarmu ta ƙone sau biyu, ruwa yana tsallake gonarmu. Ya ce ba abin mamaki ba ne, mun bar gida ba sallama, mai gidan, wato Doguwa, ta biyo mu. Ya ce daga cikin nasa irin ya ɗebo, shi ma ba isarsa ya yi ba, amma ba zai zauna ɗan da ya rena ya mutu da yunwa a birni ba. Abin da yake nema kaɗan ne. In ruwa ya sauka za su je gona tare, shi zai yi magana a kan ramin farko, da kaka kuma a kai dami ɗaya gida. Ya ce mu ci gaba da zuwa cocinmu, shi bai hana ba.

Maigida ya sunkuyar da kai. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi gorar, ya shiga da ita ɗaki ya ajiye a kusurwar gabas, bayan tukwane. Hajiya ta ba Baffa tabarma a zaure.

Tun daga ranar ɗakin nan ya zama ba nawa ba. Na janye tabarmata zuwa bakin ƙofa. Na kwashe tukwanena da sanda, don kada hannuna ya gifta kusa. In ina shara, sai in tsaya taku uku kafin kusurwar, in juyo. Na hana yaro shiga. Ladi in ta rarrafa ta nufi wajen, sai in fizgo ta har ta tsorata. Addu'ar safe da muke yi a ɗaki na mayar da ita tsakar gida. A raina ina cewa tsarki nake kiyayewa, ina nisantar kayan Shaiɗan.

Na yi wa maigida magana a hanyar gona, inda Baffa ba zai ji ba. Ya ce shi bai yi alkawari da bakinsa ba. Na ce shirun da ya yi Baffa ya ɗauke shi amsa. Ya ce to mu shuka, in kaka ta yi mu hana damin, Allah ya san zuciyarmu. Na ce wato mu yi wa Allah rabin biyayya, mu yi wa tsoho cikakkiyar ƙarya. Sai ya tsaya ya juyo, idonsa ya yi ja.

"Saratu, ke kike jin kukan yarinyar nan ko ni? Gero ne fa. Gero kawai."

Ni ma yunwa nake ji, ni ma gero nake gani in na rufe ido.

A makon nan matan zumunta suka sa azumin kwana uku. Cocinmu a lokacin ɗakin kwano ne ƙarami, da bencina shida da ganga ɗaya. Azumi a shekarar bai yi mana wuyar farawa ba, ciki ya riga ya saba. Muna taruwa da hantsi, mu durƙusa a kan siminti mai zafi, mu yi roƙo har la'asar. Sauran mata suna roƙon ruwa. Ni ina roƙon Allah ya ɗauke mini gorar nan. Na ce ya sa Baffa ya yi fushi ya tafi da abarsa, ko ɓera ya huda ta, ko ɓarawo ya shigo. Kwana ɗaya, kwana biyu, gora tana nan inda take.

Rana ta uku na kasa riƙewa, na gaya wa Mama Rahila. Matar mai bishararmu ce, tsohuwa gajeriya, ita ma daga gidan tsafi ta fito, ba abin da zan faɗa da ba ta sani ba. Muna zaune a inuwar darbejiya a bayan coci, leɓunanmu sun bushe. Na zayyana mata komai, har da yadda na nisanci kusurwar, ina jiran ta yaba mini. Ta saurara har na gama. Sai ta tambaye ni wa ya halicci gero. Na ce Allah. Ta tambaye ni wa ya halicci kaza. Na ce Allah. Ta ce kwana nawa rabona da share kusurwar nan. Na ƙirga na ce tara.

"Baffanku kaza ɗaya yake ba Doguwa a shekara," in ji ta. "Ke kwana tara kin ba ta rabin ɗakinki, kin ba ta wurin addu'arki. Tsakanin ke da shi wa ya fi yi mata hidima?"

Maganar ta shige ni kamar an zuba mini ruwan sanyi a baya. Ta ce in lura, yaƙin nan ba da tsohon nake yi ba, shi ƙauna ce ta ɗauko shi daga ƙauye. Ba da mijina nake yi ba, shi yunwar 'ya'yansa ce ta rufe masa baki. Maƙiyin yana da ƙofa biyu a gidana, ɗaya yunwa, ɗaya tsoro, na tsare ta yunwa na bar ta tsoro a buɗe. Na ce to me zan yi. Ta ce ita ba za ta gaya mini ba, Yesu da ya saye ni da jininsa yana da baki, in tambaye shi a hanya. Ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'a gajeriya, ta ce in tashi.

Na taho gida a ƙafa, Ladi a baya, jiri yana ɗibata. Ina tafe ina magana da Yesu kamar yana gefena. Na ce in na shuka irin nan, na sayar da gidana. In na zubar da shi, na zubar da abincin da ka halitta yara suna kuka. In na bar shi a kusurwa, ina bauta masa. Ban ji murya daga sama ba. Abin da na ji shi ne ƙarar taɓarya daga wani gida da nake wucewa, wata tana surfe. Na tsaya cak a kan hanya. Na san abin da zan yi, gabana kuma ya faɗi, don ɗiyar manomi ba ta daka iri.

Da na iso, hadari ya haɗu a gabas, ba irin na kullum ba, mai nauyi, iska ta tsaya cik. Baffa yana tsakar gida yana duban sama, yana gaya wa maigida cewa wannan ba zai wuce gobe ba, su gyara sungumi. Na sauke Ladi na miƙa wa Hajiya. Na kira maigida ɗaki, don ban so in yi abin a ɓoye. Na ce masa zan ɗauki gorar nan, zan daka geron, yara su sha kunu. Ya ce na san ba wani iri bayan wannan. Na ce na sani. Ya ce na tuna hannun Kande. Na ce shi nake gani yanzu haka.

Bai ce in yi ba, bai tare ni ba. Na taka taku ukun nan da na yi kwana tara ban taka ba. Na ce, da sunan Yesu, na sa hannun dama na kama wuyan gorar, daidai kan gashin kazar. Sanyi gare ta kamar kowace gora.

Na fito da ita tsakar gida. Baffa ya miƙe tsaye, bakinsa a buɗe. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, na wuce ta gabansa, na cire marfin, na juye geron a faifai. Na bakace tokar, na yayyafa ruwa, na zuba a turmi. Da na ɗaga taɓarya sai ya yo kaina.

"Nomau, matarka ta haukace. Riƙe ta, iri ne."

Sai maigida ya shiga tsakaninmu. Ya durƙusa a gaban mutumin da ya rene shi, amma bai matsa daga wurin ba.

"Baffa, ka yi haƙuri. A bar ta. Ni ya kamata in ce maka a'a tun ranar da ka zo, na kasa."

Na saki taɓarya. Kwana uku ba abinci, amma ban taɓa surfe irin na ranar ba. Na surfa, na bakace, na wanke, na mayar na daka har ya yi gari. Hajiya tana zaune da Ladi a cinya, da ta ga na ɗora tukunya sai ta tashi ta shiga ɗaki ta kawo mini tsamiya. Ta ce ita ba ta san rigimar Maguzawa ba, amma kunu ba tsamiya ba kunu ba ne.

Da rana ta faɗi na zuba a ƙwarya. Na yi godiya ga Allah da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Ni na fara sha, ludayi uku, da shi na buɗe baki. Maigida ya karɓa ya sha. Sannan yara. Yaron nan ya sha har cikinsa ya yi tsini. Na zuba wa Baffa nasa na kai masa a durƙushe. Ya kawar da kai, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce kwana bakwai Doguwa take bayarwa kafin ta kama wadda ta taɓa. Ya ce ba zai tafi ba sai sun cika, don in abin ya same ni a samu mai ɗaukata zuwa gida a nemi sassauci.

Washegari ruwa ya sauka. Ruwa na gaske, tun hantsi har azahar, kwararo ya cika, yara suka fita tsirara suna ihu. Ƙamshin ƙasa ya shiga ko'ina. Da ya ɗauke, duk mai iri ya saɓa sungumi ya nufi gona. Mu muna zaune. Maigida ya zauna a bakin ƙofa yana kallon masu wucewa, bai ce mini komai ba, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Wannan yini ya fi duk kwanakin yunwa ɗaci. Ba zan ɓoye muku ba, na shiga bayan ɗaki na yi kuka, na ce Ubangiji, da ka jinkirta shi ko mako ɗaya saboda idon mutane.

A rana ta biyu na tashi hannuna na dama ya yi nauyi. Daga kafaɗa har gwiwar hannu kamar an ɗaura mini dutse, yatsu kamar ana tsira musu allura. Nan ne yaƙin ya kai inda ya kai. Wata murya a cikina tana cewa ga shi nan, haka na Kande ya fara. Na ɓoye hannun cikin zane don kada Baffa ya gani, sai na tuna maganar Mama Rahila, na ce ɓoyon nan ma hidima ce. Na fito da shi. Na ce, Yesu, hannun nan naka ne, in ka bar mini shi zan yi aiki da shi, in ya shanye zan ɗaga na hagu in yabe ka, amma ba zan koma ba. Na faɗa da safe, na faɗa da rana, na faɗa duk lokacin da muryar ta dawo, tana kuwa dawowa.

Hajiya ta gan ni ina ɗaga guga da hannu ɗaya. Ta kira ni ta kama kafaɗar ta matsa, na yi ƙara.

"Bamagujiya, kin yi kwana uku ba ci, kin daka kwano biyu kamar kina dukan ɓarawo. In bai yi ciwo ba ai ba hannu ba ne."

Ta shafa mini man shanu da ɗumi, ta ce in tafi in ba ta wuri.

A ranar aka aiko kirana dakau a wani gida a Daurawa, za su yi suna, hatsi da yawa. Na tafi da hannun a haka. Kowace ɗagawa sai na cije leɓe. Na ga buhun wake a jingine a ɗakin girkinsu, sai na roƙi uwar gidan kada ta sallame ni da dusa, ta ba ni wake. Ta ce wake ya fi dusa daraja. Na ce zan yi mata kwana huɗu. Na yi mata kwana huɗun, tun safe har la'asar, ta auna mini kwano guda da ɗan ƙari a bakin zane. Lokacin gero ya riga ya wuce mu, amma wake yana jure makara.

Ba zan ce muku shekarar ta yi daɗi ba. Ba mu ga gero ba ko zangarniya ɗaya. Waken da muka samu da harawarsa su suka ja mu zuwa rani da ƙyar, na sayar da tasoshin aurena, Ladi ba ta yi tafiya ba sai da ta kusa shekara biyu. Maƙwabtanmu na gona da suka shuka a ruwan nan sun ɗaure dami. Mun gani, mun taya su ɗauka.

Ranar da kwana bakwai suka cika, da hantsi, Baffa ya naɗe tabarmarsa ya ce in zo. Na durƙusa. Ya ce in miƙo hannun. Ya juya shi, ya duba tafin da kantar taɓarya ta cika, ya ce in dunƙule, in buɗe. Na dunƙule, na buɗe.

"Ta ƙyale ki," in ji shi.

"Baffa, ba ta ƙyale ni ba. Ina da mai ni ne."

Ya nemi gorarsa, na ɗauko na miƙa masa hannu da hannu, ya karɓa daga hannuna, abin da bai taɓa yi da mace ba. Bai bar hanyarsa ba har ya mutu, amma bai sake kawo mana iri ba, kuma duk wanda zai zo birni sai ya ce a gaida mai turmi.

Muka raka shi bakin titi ya hau mota. Daga nan ba mu koma gida ba, gona muka wuce, don an yi yayyafi da asuba, ƙasa tana da laima. Maigida yana gaba da sungumi yana sara, ni ina binsa da waken a ƙwarya, in jefa uku a rami in rufe da diddige. Kafaɗar tana nan tana yi mini zugi. Muka kai ƙarshen kunya ta farko, ya tsaya, ya juyo yana duban hannuna.

"Yaya hannun?"

"Yana ciwo," na ce. "Yi gaba, Maigida, ƙasa tana bushewa."